Mai Lamba, Mai Jan Ido da Sauran Masu Cinikin Madubin Farauta

Da an kammala girbi, kara ya bushe, hunturu ya fara kaɗawa, sai hankalin maharba ya koma daji. A wasa adda, a gyara gora, a duba kunamar adaka. Wasu kuma sukan ƙulle ɗan abin da gyaɗa ko riɗi ya bari, su shiga birni neman madubin hangen nesa. Madubin nan ba shi da layinsa a kasuwa. A rumfar mai tocila da rediyo da agogo ake samunsa, a rataye kusa da batura. Duk wanda ya samu gefen benci a irin wannan rumfa a Sabon Gari ta Kano, ya yini yana kallo, zai ga kuɗin masu sayen kusan ɗaya ne, duk ba yawa, amma kowa da hanyar da yake bi ya rabu da nasa.

Mai Lamba ne yakan fara yin sallama. Tambayarsa ɗaya ce: "Alhaji, wanne ya fi jawowa?" Mai rumfa ya san mutuminsa, sai ya miƙo wani ɗan ƙarami da aka rubuta wa 60x60 da ruwan zinare. Nan take ciniki ya faɗa, har da godiya.

Da Mai Lamba ya san abin da lambobin ke nufi, da ya ari ma'auni wajen telan da ke maƙwabtaka. Ta farko tana faɗin sau nawa madubin ke kusanto da abu: mai lamba 8 yakan mai da gada da ke nisan mita 400 kamar tana mita 50. Ta biyu kuwa faɗin gilashin gaba ne a milimita. Milimita 60 ya kusa faɗin gwangwanin madara, alhali gilashin da ke hannunsa bai fi murfin kwalbar lemo ba. Wato tun a jikin kwali aka fara yi masa ƙarya, kuma da taimakonsa, don shi ya zo neman lamba. Ko da ma lambar gaskiya ce, ba ta da amfani a hannu. Madubi ba dabba kaɗai yake ƙara wa girma ba, har da rawar hannu da bugun zuciya da kawalwalniyar tsakar rana. Da an wuce 10 ko 12, sai an kafa shi a kan abin ɗorawa mai ƙafa uku. Ga kuma ƙuncin fili: madubi 8x42 mai kyau yakan nuna faɗin da ya kai mita 140 a nisan kilomita ɗaya, mai 16 kuwa wajen rabin haka. Kafin Mai Lamba ya lalubo kurmin da zomo ya shiga, zomon ya kai gida ya huta.

Ƙaninsa shi ne mai son wanda ake murzawa lamba ta hau, daga 10 zuwa 30. Yakan yini yana murzawa, duhu na ƙaruwa, shi kuwa yana jin daɗi.

Sai Mai Aljihu, mutum mai tsari, wanda ba ya son kaya. Ya zaɓi 10x25 saboda yana shiga aljihun gaba tare da goro. Ya fita bakin rumfa da ƙarfe ɗaya na rana, ya auna hasumiyar masallaci, ya gan ta tangaran har da tattabarun da ke kai, ya biya. Ba a cuce shi ba, abin da ya gani gaskiya ne. Sai dai naman daji ba ya yawo da ƙarfe ɗaya na rana. Da sanyin asuba yake fitowa, ko da almuru, kuma a daidai lokacin ne madubin Mai Aljihu yake komawa kamar leƙen rijiya.

Dalilin ɗan lissafi ne da ɗan firamare zai iya. A raba lamba ta biyu da ta farko, abin da ya fito shi ne faɗin ɗigon hasken da ke shiga ido. Ana ma iya ganinsa: a riƙe madubin nesa da fuska, a fuskanci sama, za a ga ɗan farin ɗigo a kowane gilashin ido. A 10x25 ɗigon milimita 2.5 ne. Da rana ya isa, don baƙin tsakiyar idon mutum ma yakan tsuke ya koma 2 ko 3. Da duhu ya fara sai idon ya buɗe yana neman haske, ya kai wajen 7 ga matashi, madubin kuwa ba shi da abin ba shi sai 2.5 ɗin nan. Shi ya sa 8x42, mai ba da 5.25, da 10x50, mai ba da 5, suka zama abokan maharba.

Wani dattijo ya ji wannan lissafi, ya ce to shi ba zai yi wasa ba, a ba shi 7x50, irin na matuƙa jirgin ruwa, mai ɗigon haske sama da 7. Abin da ba a gaya wa Baba ba shi ne, ido ma yana tsufa. Ga wanda ya manyanta, buɗewarsa a duhu sau da yawa ba ta wuce 5. Sauran hasken a gefen ido yake zubewa, amma nauyin kusan kilo guda yana nan a wuyan Baba daga asuba har hantsi.

Mai Jan Ido ya fi kowa alfahari da abin da ya saya. Gilashin gaban madubinsa ja ne wur, yana walƙiya kamar idon mage a hasken tocila, kuma an rubuta a kwali cewa yana gani dare da rana. Yakan rantse irinsa sojojin Amurka ke riƙewa. Na'urar gani da dare ta gaskiya da batir take aiki, kuɗinta kuma ba na gyaɗa ba ne. Jan shafen nan ba abin da yake yi sai korar jan haske, don a ɓoye kurakuran gilashi mai arha. Abin da ya rage ya isa ido sai ya zama shuɗi-shuɗi, kore-kore, har barewa ta koma kalar ganyen dalbejiya. Idan kuma rana ta doki gilashin, duk wani mai rai a fadamar ya san maharbi ya iso.

Shafe na ƙwarai ba ya ihu. Kowace fuskar gilashi da ba a shafa ba tana mayar da wajen kashi 4 cikin 100 na haske, kuma a cikin madubi akwai irin waɗannan fuskoki goma ko fiye, saboda haka asarar ba ƙarama ba ce. Wani masani mai suna Alexander Smakula ne ya samo maganinta a kamfanin Zeiss na Jamus a 1935, da wani siririn shafe da ido ba ya ganin kaurinsa. Alamarsa ita ce idan aka karkata gilashin ga haske, a ga ɗan kore ko shunayya a dushe. Gilashin da mutum ya ga fuskarsa a ciki sarai har ya gyara hula, hasken da ya kamata ya shiga ne yake dawowa.

Ɗan Gayu kuma siffa yake saye. Madubai iri biyu ne a rataye: akwai mai kafaɗa, wanda gilasan gabansa suka buɗe waje, akwai kuma miƙaƙƙe siriri kamar an haɗa gora biyu. Ɗan Gayu ya kalli mai kafaɗa ya taɓe baki, ya ce irin na kakanni ne. Bai yi ƙarya ba, don wani Ba'italiye, Ignazio Porro, ya yi rajistar wannan tsari tun 1854. Amma a nan ne mai ƙaramin ƙarfi ya kamata ya tsaya ya yi tunani. Dunƙulen gilashin da ke juya hoto a cikin mai kafaɗa yana da sauƙin yi, kuma ba ya neman wani shafe na musamman kafin ya yi aiki. Na cikin miƙaƙƙen sai an yanka shi daidai wa daida, an yi masa shafe masu tsada, sannan hotonsa ya kamo na mai kafaɗa. Idan kuɗi ɗaya ne kuma kaɗan ne, mai kafaɗa yakan fi haske da tsabtar hoto. Wani Nikon Aculon, wanda ake sayarwa da arha a ƙasashen waje, mai kafaɗa ne, kuma ba ya jin kunyar hakan. Inda miƙaƙƙe ya yi zarra shi ne sauƙin toshe shi daga ruwa da ƙura, amma wannan sai an ƙara kuɗi. Na arhar da Ɗan Gayu ya ɗauka, kwalliyar ce kawai ta zo, sabulun bai biyo ta ba.

Magaji ba saye ya zo yi ba, ya zo ne a tabbatar masa cewa nasa ya fi na kowa. Daga cikin jakar fata da ta sha jiki yake zaro wani baƙin 8x30 na ƙarfe, da rubutun Rashanci a kafaɗa, irin waɗanda aka riƙa ƙerawa a birnin Kazan zamanin Tarayyar Sobiyet, ko kuwa na Zeiss ɗin garin Jena da ke tsohuwar Jamus ta Gabas. Sau da yawa yana da gaskiya, da tsohuwar zuma ake magani, kuma mai haƙurin tona kayan gwanjo yakan tsinci irinsu da arha. Sai dai madubin ya taɓa faɗowa daga kan babur, gilasan ciki sun goce, ido ɗaya na kallon gabas, ɗayan ya ɗan karkata. Ƙwaƙwalwa ce ke wahalar haɗa hotunan biyu, shi ya sa bayan minti goma kan Magaji yake sarawa. Ya zargi rana, ya zargi hawan jini, ya fara zargin wani abokin farauta da bai taɓa ƙaunarsa ba. Bai taɓa zargin kayan gado ba. Gwajin kuwa kyauta ne: a auna wayar lantarki, a janye madubin daga fuska sannu a hankali. Idan wayar ta karye biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, a mayar da shi jaka. A kuma leƙa ta gilashin gaba a hasken tocila, ko danshin damina ya yi saƙar gizo-gizo a ciki.

Malam Bincike shi ne ya fi gajiyar da mai rumfa. Ya kalli duk bidiyon da ke YouTube. Ya san cewa a 1608 wani mai haɗa tabarau a Holan, Hans Lippershey, ya nemi rajistar abin hangen nesa, hukuma ta ce ya yi mata mai ido biyu. Ya san Swarovski na Ostiriya yakan wuce dala 2,000, ya san kamfanin Vortex yana gyara nasa kyauta ko da mai shi ne ya fasa, bai dai lissafa kuɗin aika kaya daga Birnin Kudu zuwa kamfanin da ke Wisconsin ba. Yakan ɗaga kowane madubi ya duba ɗigon haske, ya bayyana cewa mai zagaye sumul gilashin BaK-4 ne, mai dusassun gefuna huɗu kuma BK-7. Duk gaskiya ne. Damina ta faɗi, ciyawa ta rufe daji, Malam bai sayi komai ba.

Mai Aro ma bai saya ba, amma shi ya fi kowa kallo. "Yaya, ɗan ba ni in gani." Ya murza zoben da ke gilashin idon dama, wanda mai shi ya saita daidai da bambancin idanunsa biyu, ya hura wa gilashi iskar baki, ya goge da hannun riga. Ƙurar hunturu yashi ce mai laushi, kuma gugar nan ɗaya takan bar zane a shafen da aka biya kuɗi dominsa. Ƙa'ida ita ce a fara busar da ƙurar, sannan a shafa da tsumma mai taushi. Ya dawo da madubin yana cewa ai bai kai yadda ake zuzuta shi ba.

A ƙarshen benci akwai tsohon maharbi da ya zo sayen batir, yana jin su duka yana dariya. Shi karensa ne madubinsa, in ji shi, kuma ubansa ya kashe gwanki ba tare da leƙa kwalba ba. A farautar taro, inda ake kiɗa da ihu, karnuka na kora, gora na tashi, maganarsa dutse ce, madubi kaya ne kawai a wuya. Amma ga mai kwanto shi kaɗai a bakin fadama da duku-duku, akwai abin da kare ba zai faɗa masa ba: ko motsin da ke bayan sabara gada ce, ko ɗan maraƙin Fulani, ko mai neman itace ta sunkuya. Tsohon ya san labarai irin waɗannan, shi ya sa da aka kawo zancen dariyarsa ta ɗan ragu.

Ana dab da rufe rumfa, rana ta yi ja, wani mutum mara yawan magana ya shigo. Da gangan ya jira wannan lokaci. Ya nemi 8x40 mai kafaɗa, ya duba ɗigon haske, ya karkata gilashi, ya auna wayar lantarki, sannan ya kalli cikin wani lungu mai duhu a ƙarshen layi. Ya murza saitin tsakiya ya ji ba ya sanƙarewa, ba ya kuma sako-sako. Ya taya, mai rumfa ya ce albarka, ya ƙara kaɗan, aka sallama masa har da igiyar ratayawa.

"Ɗana, kawo in ga abin da ya ci maka buhun riɗi," in ji tsohon. Ya kafa a ido ta baya, ya ce ai nisanta mutane yake yi. Aka juya masa. Ya yi shiru, ya daɗe yana kallon wani shaho a kan eriya can bayan kasuwa. Mai rumfa ya ja ƙofa ɗaya ya rufe, mai madubi ya miƙa hannu sau biyu, tsohon yana cewa a dakata tukuna, shahon na shirin tashi.