Yadda Birki Ya Kusa Yi Mini Mata Ta Biyu

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 na jingine babur ɗina a zaure, na sayi keke ɗan gwanjo mai giya. Ni da na tashi a kan Raleigh ɗin mahaifina, wanda roba biyu ke cizon bakin wili in ka matsa, sai ga ni da keke mai wani faifan ƙarfe a cibiyar taya, duk huji kamar rariya. Da takalman birkinsa suka cinye, na kai shi wurin wani yaro mai gyara a wajajen Wunti, a nan Bauchi, ya sa mini sababbi.

"Baba, kar ka yarda da shi yau," in ji shi. "Sai ka sabar da shi tukuna."

Wai sabon takalmi bai san faifai ba. Sai an yi ta gudu ana matsawa, zafi ya sa takalmin ya bar wani ɗan shafe a jikin ƙarfen, wanda ido ba ya gani, to wannan shafen ne ke sa birki ya kama. Na dube shi. Ranar da na fara hawa keke, uwar yaron nan ko tallan goro ba ta fara ba. Na ce masa na ji.

A hanya na tsaya na ci masa, don ba a wuce masar Bauchi da zafinta sai in azumi ake. Ina lashe yatsa ina sha'awar kekena, har na sunkuya na shafa faifan da hannu, yadda ake shafa wuyan doki. A gangaren unguwarmu na gane kurena. Na matsa birki, ya yi wani kuka kamar akuyar da aka taka wa wutsiya, keke kuwa ko a jikinsa. Na tuna da ƙafafuna, na sa su a ƙasa, silifas ɗaya ya yi nasa wuri. Tulin yashin wani mai gini ne ya karɓe ni, Allah ya saka masa da alheri, ya ba shi ikon gama gidan.

A ilimina na da, duk ƙarfen da ke kuka ƙishirwa yake ji. Don haka ina isa gida na ɗauko baƙin mai na ɗiga wa faifan, gaba da baya, ban yi rowa ba. Kuka ya ɗauke. Birki ma ya ɗauke.

Washegari yaron ya sinsina takalman, ya daɗe bai ce komai ba. Ashe suna shan mai kamar ƙosai, kuma in sun sha sai bola. Ya wanke faifan da sifirit, ya sa wasu, na sake biya. Wannan karon na zauna a benci na ɗauki karatu: a sami miƙaƙƙiyar hanya, a yi gudu daidai misali, a matsa da ƙarfi har keke ya koma tafiyar ƙafa, amma kada a tsaya cak, kada taya ta ja ƙasa. A saki, a sake. Kamar sau ashirin, na gaba daban, na baya daban.

Titin Jos ba wurin wannan ba ne, masu Keke Napep za su raba ni da duniya. Sai na zaɓi wani layi shiru a bayan unguwa, bayan la'asar. In taso da gudu daga bakin masallaci, in zo daidai wata bishiyar darbejiya in rage, in wuce a hankali, in juyo. Ban lura ba cewa darbejiyar a ƙofar wani gida take, gidan kuma akwai budurwa da ta isa aure, mahaifinta na zaune a tabarma yana jan carbi.

A zagaye na bakwai yara suka fara ƙirga mini. A na goma sha biyu labulen taga ya motsa. A na goma sha shida, daidai lokacin da na ji birki ya fara cizo har ina murmushi ni kaɗai, dattijon ya ɗaga hannu.

"Malam, wahalar ta isa haka. In da magana, ka turo manya."

Na sauka na durƙusa, na ce, "Baba, wallahi sabawa nake so su yi."

"To ai shi ya sa na ce ka turo manya."

Don in wanke kaina na nuna masa faifan, na ɗora yatsa a kai. Ƙarfen da ya sha matsa sau goma sha shida! Ihun da na yi ya fi na birkin jiya.

Labari ya riga ni isa gida, yaran layin ba sa buƙatar keke. Na tarar da uwargida a tsakar gida tana tankaɗe, ko sannu da zuwa babu. Ta dubi yatsan da ya tashi fal da ruwa, ta dubi keken.

"Ita amaryar ce ta ƙona ka tun yanzu?"

Ta shiga ɗaki ta fito da kwalbar man shafawa. Da hannu ɗaya na ja keken can bayan rijiya, sannan na miƙa mata yatsan.