Baƙin Allo Ba Ya Gaisuwa

Ni dai ina bayan baƙin allo, wato tagar da ake rubuta wa kwamfuta umarni, duk da wulaƙancin da yake yi wa sabon shiga. A ce ɗalibi ne ɗan unguwar Makama a Yola, yana karatu a Jami'ar Modibbo Adama ko AUN, malami ya ba shi suna da kalmar sirri, ya ce ya shiga sabar ya yi aiki. Ya buɗe, ba hoto, ba sannu da zuwa, sai wani ɗan layi yana ƙifta masa ido. Ya rubuta ssh, umarnin shiga sabar, aka nemi kalmar sirri, ya danna, ya ƙara dannawa, allo ko gezau. Nan ya hau tsine wa wanda ya sayar masa da kwamfuta a Jimeta, alhali lafiyarta lau. Da gangan ake ɓoye haruffan, kada na bayanka ya ƙirga su. Shi Tatu Ylönen da ya ƙirƙiro ssh a Finlan a 1995, satar kalmomin sirri a jami'arsu ce ta tunzura shi. Da ƙyar yaro ya shiga, ƙaddara ta jefa shi cikin manhajar rubutu ta vi, inda shiga kyauta ce, fita kuwa sai ka san Esc da :q!, in ba haka ba ka kashe kwamfuta ka yi alwala.

Za a ce tsohon yayi ne, tun 1969 aka fara Unix, tushen waɗannan umarnai. Haka ne, amma tun 2017 manyan kwamfutoci 500 mafi ƙarfi a duniya duk Linux, mai bin sawun Unix, suke amfani da shi. Kuma in akwai waɗanda wannan tsoho ya yi wa rana, mu ne. Rubutu zalla ba ya cin data, ko sabis yana rarrafe saƙo zai isa. A ɗauke wuta cikin zafin Afrilu na Yola, batir ya mutu, in ka tada aikinka cikin manhajar tmux yana can yana tafiya a sabar, kai kana nan kana fifita.

Ƙorafin da ya fi ƙarfi shi ne allon ba ya yafiya, kuma wannan ba ni da bakin musu. Ka ce rm, umarnin share fayil, ba zai tambaye ka ko ka tabbata ba, babu kwandon shara da za ka tono. Sai dai maganin bai wuce ka yi cp ka ajiye kwafi wani wuri ba, kuma ba ɗan Makama kaɗai ke mantawa ba. A 1998 wani a kamfanin Pixar ya share mafi yawan fim ɗin Toy Story 2 da wannan umarni, aka duba ma'ajiya ita ma ta lalace. Wata ma'aikaciya mai jego ce ta cece su, don tana aiki daga gida da kwafi a kwamfutarta.