Ragona da Lamba 641

A damunar da gara ta shiga akwatin littattafaina, na tsinci wani tsohon littafin hisabi wanda ta ci rabi ta bar mini rabi, a ragowar nan kuwa na karanta cewa wani masanin shari'a na Faransa mai suna Farma ya yi da'awa a 1640 game da jerin wasu lambobi, su ne 3, 5, 17, 257 da 65,537, ya ce duk wadda ta biyo bayansu a silsilar gagara-rabo ce, wato ba ta rabuwa daidai sai da ɗaya ko da kanta. Ta shida ita ce 4,294,967,297, adadin da za ka samu in ka ɗauki ƙwayar gero guda ka yi ta ninka ta har sau 32, sa'an nan ka ƙara ƙwaya ɗaya. Shafin da ke biye yana cikin gara.

Da yake ni mutum ne mai ƙyamar taƙlidi, ga kuma suna da na yi a unguwa wajen rabon gado, sai na ɗaura niyyar tabbatar da zancen da hannuna. Kullum bayan Lisha sai in kunna fitila in baje takardu a buzu, in raba lambar nan da 3, da 5, da 7, da 11, kowace ta bar saura, har Uwargida ta fara zaton wani hatimi nake haɗawa, ta riƙa tambaya yaushe kuɗin za su zo. A dare na ashirin na kai 631, rabo na 114 ke nan, sai kananzir ya ƙare. Ƙa'ida dai ita ce in ci gaba har 65,536, gagara-rabo fiye da dubu shida, amma na yi ƙiyasi a cikin duhu na ce, tun da shari'a tana wadatuwa da shaidu biyu adalai, wane irin alƙali ne zai raina 114?

Kashegari bayan La'asar na yi shela a majalisa cewa lambar nan ba ta rabuwa har tashin ƙiyama, duk wanda ya raba ta kuwa ragon layyata ya zama nasa. Liman ya yi gyaran murya, na yi maza na ce ba caca ba ce, kyauta ce bisa sharaɗi.

Sai ɗan ƙanena, ɗan makarantar sakandare wanda ni na koya wa ƙidaya da tsakuwa, ya matso ya durƙusa.

"Baffa, an gwada 641?"

"Kai yaro, manya na magana."

"Allah Ya ba ka haƙuri, Baffa, ai 641 sau 6,700,417 ne."

Ya bayyana, cikin ladabin da ya fi mari zafi, cewa wani Oila, mutumin Suwizalan, ya rushe da'awar tun 1732, daga baya ma ya nuna cewa duk abin da zai raba lambar nan tilas ya zama ninkin 64 ne da ƙarin ɗaya, saboda haka 193, 257, 449 da 577 kaɗai ke gaban 641. Gwaji biyar, ƙasa da shan furar mutum guda. Abin da ya fi sosa mini rai shi ne, tsakanin 631 da 641 babu wata gagara-rabo ko ɗaya. A bakin ƙofarta na kwana.

Na karɓi alli na ninka a bango sau uku, ina fatan kuskure kamar mai neman ruwa a fako, sau uku 4,294,967,297 tana fitowa cif, jama'a na kabbara. Liman ya yi fatawa nan take cewa kyauta bisa sharaɗi tana lizimta.

Da aka zo jan ragon ya turje a zaure, sai da na tura shi ta baya da kaina. Uwargida ta leƙo ta ce, "Malam, igiyar tawa ce, a dawo da ita. Kuma kananzir kwalba bakwai nake bin ka."