Dashen Ɗaɗɗoya a Bokitin Fenti

Ɗaɗɗoya, wadda masana tsirrai ke sanyawa a dangin da suke kira Ocimum, ganye ce mai ƙamshi da ake jefawa a farfesu, kuma ba ta da wuyar tsirowa, domin irinta kan fito cikin kwana 5 zuwa 10 idan ya samu ɗumi da danshi. Inda gizo ke saƙar shi ne wajen dashe, wato ciro tsiron daga inda aka yayyafa iri a mayar da shi mazauninsa na dindindin. Ƙa'idar masu lambu ita ce a jira sai tsiron ya yi ganye huɗu zuwa shida, a ɗauko shi da ƙasar da ke jikin saiwarsa, a dasa shi da la'asar sakaliya, sannan a bar kamar taki ɗaya tsakanin kowane tsiro da ɗan'uwansa.

Marubucin wannan bayani ya haddace waɗannan ƙa'idoji tsaf, amma da yake gani yake ba don irinsa aka kafa su ba, sai ya yi nasa dashen da azahar a watan Afrilu, lokacin da ko ƙadangare inuwa yake nema, ya cusa tsiro 14 a bokitin fenti mai cin lita 20 wanda biyu ma sun ishe shi, ya kuma zuba musu ɗanyen kashin kaji, wanda kowane manomi ya san yana ƙona saiwa matuƙar bai ruɓe ba.

Babban kuskuren dai yana gindin bokitin, domin ba a huda shi ba. Saiwa tana buƙatar iska kamar yadda take buƙatar ruwa, kuma idan ruwa ya kwanta a ƙasan mazubi sai ta ruɓe, ganye ya yi ɗorawa ya langaɓe, alamar da ta yi kama ƙwarai da ta ƙishirwa. Marubucin, wanda ya fassara alamar da ƙishirwa, ya ƙara ban ruwa daga sau biyu a rana zuwa sau huɗu, har ya kai yana tashi bayan sallar isha'i da buta da tocila, abin da ya sa uwargidansa ta tsaya a kansa wani dare ta ce, "Malam, wai ganye kake nomawa ko tarwaɗa za ka kiwata?"

An daɗe ana cewa ƙamshin ɗaɗɗoya yana korar sauro, sai dai a wannan gwajin ruwan da ya taru a saman bokitin ne ya zame wa sauron unguwa ɗakin haihuwa. Da aka zo huda gindin da ƙusa mai zafi, baƙin ruwan da ya tsiyayo ya kori mutanen gidan daga tsakar gida har magariba.

Tsiro ɗaya tak ya tsira, aka tsinke masa kai domin ya yi rassa kamar yadda ilimi ya tanada, ya kuwa yi rassa shida kyawawa, waɗanda akuyar maƙwabta ta cinye ranar wata Juma'a, marubucin yana masallaci. Farfesun da aka yi a gidan daren nan, daga bakin makwararar wata tsohuwa aka roƙo ɗaɗɗoyarsa, inda take fitowa da kanta kowace damina.