Tuƙi a Kan Tabarma

Masana a Amurka sun gano cewa tuƙin ƙarya yana wasa ƙwaƙwalwar tsoho. A 2013 aka fitar da sakamakon wani bincike na Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko. An zaunar da dattawa 'yan shekara 60 zuwa 85 gaban kwamfuta, suna tuƙa mota a wasan NeuroRacer. Hanya na lanƙwasa, alamu na ɓullowa, dole a kula da duka biyun. Bayan wata guda, tsofaffin sun doke 'yan shekara 20 da ba su yi atisaye ba. Yanzu har tabarau ake ɗaura wa mutum, yana zaune yana ganin titi, wai ko zuciya ma ta yi sanyi.

Madalla. Amma kafin a kawo wasan Zango, akwai gyara.

Titin wasan babu akuya ko ɗaya. Babu amalanke, babu garken shanu. Dubi dattijon da ya ɗauki hanyar Daura a tsohon babur. Buhun gero a baya, jika a kan tanki. Hannu ɗaya na kauce wa rami, ɗayan na sama yana amsa gaisuwa. A zuci yana lissafin kuɗin mai, yana tuno wanda ya ci masa bashi tun kakar bara. Wannan ai kafin a tayar da janareta ya cinye wasan.

Kuma motar wasan ba ta tsayawa a rage wa kowa hanya. In tsoho ya wuce surukinsa a tsaye, wa zai je ba da haƙuri?