Duniyar da Indiya Ta Ci Mu 99

Ranar Talata da daddare aka lalata mini shayi. Muna majalisa, hira ta gangaro kan ƙwallo, sai wani Alhaji mai sayar da taya ya gyara zama ya ce shi ganau ne, da idonsa ya kalli wasan nan da Indiya ta ci Najeriya 99 da 1. A talabijin mai baƙi da fari, in ji shi, a gidan wani maƙwabcinsu ma'aikacin reluwe. Kafin in haɗiye abin da ke bakina, mutum uku sun ba da shaida. Ɗaya a rediyo ya ji, ɗaya yayansa ya je filin, na ukun bai faɗi inda ya gani ba, rantsuwa kawai yake jerowa.

Na ce, "Alhaji, a wace shekara?" Ya ce zamanin Gowon. Na kusa da shi ya ce Shagari ne. Mai rantsuwa ya ce wallahi Babangida. Duk wannan ba sabon abu ba ne, mun saba. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne wani ɗan ƙanwata da ya ɗago kai daga waya ya ce, "Kawu, ai ba ƙarya suke yi ba. An yi wasan, amma a wata duniyar ce."

Wai akwai duniyoyi jere da tamu, kowacce da nata Alhajin mai taya. Wai tun da Turawa suka kunna injinsu na CERN a kusa da Janeba a 2008, mai zagayen kilomita 27 a ƙarƙashin ƙasa, aka riƙa kwaso mutane daga waccan duniya ana zubawa a wannan ba sallama. Hujjarsa ita ce Mandela. Wata Ba'amurkiya, Fiona Broome, ta farka wajen 2009 tana mamakin yadda Nelson Mandela ke raye, alhali ta tuna sarai ya mutu a kurkuku a shekarun 1980, har ta ga jana'izarsa a talabijin. Ta yi cigiya a intanet, jama'a suka fito suna cewa su ma haka suka tuna. Mutumin da aka saka ranar 11 ga Fabrairun 1990 duniya na kallo, ya zama shugaban Afirka ta Kudu a 1994, ya rasu a Disamban 2013. Ashe duk shekaru biyar ɗin da ya yi yana mulki, a wajen waɗannan bayin Allah gawa ce ke sa hannu a takardu. Steve Biko ne ya mutu a hannun 'yan sandan wariyar launin fata a 1977, amma wanda bai damu ya bambance baƙaƙen fata biyu ba ya gwammace ya tsaga sammai da ƙassai gida biyu.

To, na yarda. Mu leƙa waccan duniyar, mu kalli wasan.

Ci 100 cikin minti 90 na nufin ƙwallo na shiga raga duk bayan daƙiƙa 54, ba hutu, ba jinyar rauni, ba murna. Kuma dokar ƙwallo ta ce wanda aka ci shi ke take wasa. Ke nan sau 99 ana miƙa wa Najeriya ƙwallo a tsakiyar fili, sau 99 tana mayar wa Indiya cikin ladabi. Masu labarin sun ce ba laifin 'yan wasanmu ba ne, ƙwallon ce ke rikiɗa ta zama zaki idan ta doshi gola. Madalla. Wa ke shiga raga ya ɗauko zakin? Yaron nan mai tsintar ƙwallo, nawa aka biya shi? Shi zakin, da ƙafarsa yake komawa tsakiyar fili ya kwanta ya jira usur, ko sai an lallashe shi? Idan ya riga mai tsaron baya wucewa, satar gida ce, kuma ina son ganin mai tutar da zai ɗaga masa. Alƙalin wasa fa, wane irin littafi ya shigo da shi, kundin rajistar asibiti? Sannan bayan an dawo hutun rabin lokaci, ana ci 50 da nema, kocinmu ya tara yara ya ce musu me? "Ku riƙe tsakiya"? Ni golan ma nake tausayi. Mutum ya ga zaki na farko, na biyu, na goma, bai kama hanyar gida ba, ya tsaya har na 99. Wannan bawan Allah ya cancanci a sa wa titi sunansa, amma cikin masu shaidar babu wanda ya san sunan.

Ku je Gana ku ji, su ma suna da wasan, da zakinsu da ci ɗayansu. Indiya dai ba ta zauna ba a waccan shekarar da ba a san ta ba. An ce daga nan FIFA ta kore ta saboda tsafi. A wannan duniyar tamu mai ƙarancin zakoki, Indiya na nan tana buga wasannin share fage ana cin ta kamar kowa. Ta samu gurbin Gasar Cin Kofin Duniya ta 1950 a Brazil ta janye, har yau ba ta taɓa taka filin gasar ba. Najeriya da aka yi wa 99 ta je sau shida.

Inda raina ke ɓaci shi ne ci ɗayan nan. Wasu na cewa Samuel Okwaraji ne ya ci, ƙwallon ta zama dutse, ya doka, ya mutu. Okwaraji mutum ne na gaske, yana da uwa da dangi. Ya faɗi a filin wasa na Surulere a Legas ranar 12 ga Agustan 1989, ana wasa da Angola, sanye da rigar ƙasarsa. Ba mu riƙe ranar ba, ba mu riƙe abokan karawar ba, muka ɗauki mutuwarsa muka liƙa wa tatsuniya don hira ta yi armashi.

Masana sun daɗe da gano bakin zaren, kuma ba sai an haƙa rami a Janeba ba. A 1974 Elizabeth Loftus da abokin aikinta suka nuna wa ɗalibai fim ɗin haɗarin mota. Wasu aka tambaye su gudun motocin lokacin da suka bugi juna, wasu lokacin da suka ragargaji juna. Bayan mako guda, 'yan rukunin ragargaza sun fi yawan cewa sun ga fasasshen gilashi, alhali babu gilashin da ya fashe a fim ɗin. Kalma guda ke nan. Ina ga labarin da ka ji daga yayanka kana shekara bakwai, ka ji a makarantar allo, ka ji a gidan kallo, ka maimaita shekara arba'in? Dole ka ga zaki, har gezarsa za ka iya siffantawa. Shi kuwa Hugh Everett, da ya kawo batun duniyoyi masu yawa a kimiyyar fiziks a 1957, lissafi ya yi a takarda. Bai buɗe tashar mota tsakaninsu ba.

Amma "na manta" ta fi dutsen niƙa nauyi a bakin mutanenmu. Yanzu kuma an samo musu mafaka mai sunan kimiyya, ku jira ku gani. Wanda ka ranta wa kuɗi kafin azumi zai dube ka ido cikin ido ya ce a duniyarsa ya biya. Tela zai ce a tasa duniyar jibi ce Sallah. Ɗan siyasa kuwa dama can ya riga kowa ƙaura: a inda yake zaune an gama titin, famfo na zuba, asibiti cike da magani, mu ne muka maƙale a duniyar da aka kafa allon kwangila aka tafi. Abin haushin, idan zaɓe ya zo mu ma sai mu bi shi can. Muna tuna wasan da ba a buga ba dalla-dalla, alƙawarin da aka yi mana da lasifika shekara huɗu baya kuwa ya bi iska.

Tun da ana maganar ƙaura tsakanin duniyoyi, akwai wasu mutane da suka ɓace da na fi damuwa da su. Ina waɗanda suka zo na biyu a aji? Kowane uba a ƙasar nan na ɗaya ya yi, tun daga aji ɗaya har ya gama. Alhaji mai taya na ɗaya, mai rantsuwa na ɗaya, kuma sun tabbatar mini ajinsu guda a firamare. Ka nemi katin sakamako, a ce gara ta cinye. Wannan gara mai ilimi, ba ta taɓa takardar fili, ba ta taɓa rasit ɗin bashi, sai katin jarrabawa. Kowannensu kuma mil goma yake takawa zuwa makaranta ba takalmi, har wanda gidansu ke jikin katangar makarantar. Ana cika yara da gori, yaro ya kawo na biyar cikin sittin a hana shi sakat, a ce "a zamaninmu".

Don haka ina cigiya. Duk wanda ya san wani dattijo da ya taɓa zuwa na 37 a ajinsu, kuma yake iya faɗa a gaban 'ya'yansa, ya taimaka ya sanar da ni. A killace shi, a ɗauki muryarsa a ajiye a gidan tarihi, domin shi kaɗai ne shaidar cewa an taɓa yin aji mai ɗalibi fiye da ɗaya a ƙasar nan.