Haddar Ruy Lopez

Tunde Onakoya ne ya ja mini. Tun da na ga ya shafe awa 60 yana buga ces a dandalin Times na birnin New York a 2024, na ce ashe wasan zaune ma yana fitar da mutum kunya. Na sayi allo, na kama hadda.

Buɗin da na zaɓa shi ne Ruy Lopez, mai sunan wani limamin coci ɗan Sifaniya da ya yi littafi a kan wasan a 1561. Wata guda ina tilawarsa, har maiɗakina ta soma tambaya ko lafiya. Amsar mai baƙaƙen 'ya'ya na riƙe kamar karatun allo: soja zuwa e5, doki zuwa c6, sannan sojan gefe zuwa a6, ya kori giwar da ta zo b5.

Ranar gasar unguwarmu a Kano, ƙuri'a ta haɗa ni da wani yaro da bai wuce shekara goma sha ɗaya ba, yana tsotsar alewa. Har tausayinsa na ji.

Ya tura soja e4, na amsa da e5. Sai ya fito da sarauniya tun da sanyin safiya, ya dasa ta a h5. Wannan ba ya cikin littafi, amma na ce yarinta ce, na fitar da dokina. Ya kawo giwa c4. Ni kuwa hadda ta riga ta ɗauke ni, ko allon ban duba ba. Na tura soja a6 da ƙarfi har da gyaran murya, na kori giwa daga gidan da ba ta taɓa takawa ba.

Gidan f7, in ba ku sani ba, sarki kaɗai ke gadinsa. Ni ma a lokacin na sani. Sarauniya ta faɗa, giwa na tsaye a bayanta.

"Kawu, ya mutu."

"Wa?"

"Sarkinka."

Motsi huɗu. Shayin da na saya ko hucewa bai yi ba.

Yana kwashe 'ya'yan ya ce, "Kawu, wa ya koya maka?"

Na ce wani malami ne a Sifaniya.

"Gaskiya ya maido maka da kuɗinka."

Na ce ai ya fi shekara 400 da mutuwa. Ya ciro wata alewar daga aljihu ya miƙo mini.